Zakaran da Ya Manta an Kwance Shi

A ƙauyenmu, can bayan Masaka, majami'armu ba ta da ƙararrawa. Ganga ce ke kiran mutane sujada. Ran Lahadi da safe in ka ji dum-dum-dum, to ka ajiye fartanya ka nemi takalminka.

Akwai wani yaro a unguwarmu, ɗan aji biyar. Yaron nan kiɗa a jininsa yake. Teburin makaranta ganga ne a wurinsa. Bokitin wanka ma ganga ne. Ko tukunyar da ake dafa ayabar matoke bai ƙyale ba, sai da mamarsa ta bi shi da muciya.

Kakarsa, wadda kowa ke kira Jajja, ita kaɗai ce ba ta gajiya da shi.

"Ku bar mini maigidana ya yi kiɗansa," in ji ta. "Ni ce zan yi rawar."

"Tsohuwa, da wace ƙafar?" in ji yaron. Sai su kwashe da dariya.

Wata Lahadi, Malama Nabbosa ta makarantar Lahadi ta zo da albishir.

"Bana yara ne za su kaɗa ganga ran Kirsimeti," in ji ta. "Na zaɓi mutum biyu."

Ta ba Ssekandi, abokin yaron nan, babbar ganga. Shi kuma ta ba shi ƙaramar. Ƙaramar nan tsohuwa ce, tun kafin a haifi babansa ake kaɗa ta. Yaro ya dawo gida da gudu, ko gaisuwa ya manta.

To, lokacin ruwa ne. Danshi ya sa fatar ƙaramar ganga ta saki. In ya buga sai ta ce buf, buf. A wajen koyon kiɗa yara suka yi ta dariya.

"Kai, mura gangarka take yi?" in ji Ssekandi. "Ka ba ta shayi mai citta mana!"

Abin ya ba yaron haushi ƙwarai. Amma ya taɓa ganin manyan makaɗa suna kanga ganga kusa da wuta don fatar ta ɗaure. Ya ce a ransa, "Za ku gani."

Ran Asabar ya riga kowa zuwa. A bayan majami'a masu shara sun ƙona busasshen ganyen ayaba, wutar ba ta mutu ba tukuna. Ya shiga ɗakin ajiya ya ɗauko gangar. Ya jingine ta dab da wutar.

Bai gama zama ba sai ya ji ihu daga filin ƙwallo.

"Fara! Fara ta sauka!"

Ku da kuka san daɗin soyayyiyar fara, kun san sauran labarin. Yaro ya ce, "Yanzu zan dawo." Ya zura da gudu. Ya kama wannan, ya bi waccan, har aljihunsa biyu suka cika.

Da ya juyo, tun daga nesa hancinsa ya gaya masa. Ƙauri, kamar ana babbaka ƙafar saniya! Ya janye gangar da sauri. Ina! Fatar ta ƙone, ga rami a tsakiya da hannunsa zai iya shiga.

Ya duba dama, ya duba hagu, ba kowa. Ya mai da gangar ɗakin ajiya, ya juya ramin wajen bango. Ya laɓe cikin gonar ayaba har sauran yara suka taru. Sannan ya fito kamar yanzu ya iso.

Da Malama Nabbosa ta juyo gangar, sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Wa ya yi wannan aikin?"

Can wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malama, makon jiya Ssekandi ne ya mai da ganguna. Na gan shi ya shiga da 'yar fitila, don ɗakin da duhu."

"Ba ni ba ne, Malama!" in ji Ssekandi. "Ko kusa da ita ban kai fitilar ba!"

Malama ta dube shi, ranta a ɓace. "Ban ce kai ne ba. Amma sai gaskiya ta fito za ka sake taɓa ganga."

Sannan ta juya wajen yaronmu. "Kai, tunda taka ta lalace, riƙe babbar."

Ai da ta sani! Yaro ya karɓi sandunan kiɗa. Ya buga, kiɗan ya fito tiryan-tiryan, amma shi ko kaɗan bai ji daɗinsa ba.

Da yamma Mama ta soya farar da albasa. Ƙamshi ya cika gida. Yaro ya ce ya ƙoshi.

Jajja ta ajiye kwanonta. "Maigidana ya ƙi fara? Lallai akwai magana."

"Ba komai, Jajja."

"To. Ba komai ɗin nan dai ya hana ka cin abinci."

Haka ya yi ta fama. In Baba ya ce a yi addu'a, sai ya sunkuyar da kai, ko amin ba ya cewa. In ya hango Malama a hanya, sai ya canja hanya. Ba wanda ya ɗaure shi, amma ji yake kamar a ɗaure yake.

Wata rana a bakin famfo Ssekandi ya same shi da rake a hannu. Ya karya, ya miƙa masa rabin da ya fi tsawo.

"Kowa cewa yake ni ne," in ji Ssekandi. "Har babana ya yi mini faɗa. Amma kai ka yarda da ni, ko?"

Nan fa yaro ya kasa jurewa. Ya bar jarkarsa a bakin famfo, ya ruga gida. Ya faɗa jikin Jajja yana kuka. Ya gaya mata komai, har da farar.

Jajja ba ta yi ihu ba. Ta share masa hawaye da bakin zanenta.

"Ka yi laifi biyu," in ji ta. "Ƙona ganga ganganci ne. Barin abokinka cikin zargi, wannan shi ne babba. Yanzu me za ka yi?"

"Ina jin tsoro, Jajja."

"Ka je da tsoron naka. Babanka zai raka ka."

Baba ya ji labari. Sannan ya sa hularsa ya ce, "Mu je."

A gaban Malama Nabbosa da Ssekandi da dukan yara, yaro ya faɗi gaskiya. Bai rage komai ba.

Malama ta fara juyawa wajen Ssekandi. "Ɗana, ni ma ka yafe mini. Na hana ka kiɗa ba da laifinka ba." Sannan ta kama hannun yaron. "Ubangiji ya yi mana alkawari. In muka faɗi laifinmu, zai gafarta mana, ya wanke mu tas. Mu roƙe shi." Suka durƙusa suka yi addu'a. Da suka tashi ta ce, "Ni ma na yafe maka."

Ssekandi kuwa ya kumbura fuska. Ranar ko kallonsa bai yi ba. Washegari sai ga shi a ƙofar gidansu.

"Na yafe," in ji shi. "Amma abu ɗaya ke ci mini rai. Duk farar nan da ka kama, ko ƙafa ɗaya ba ka ba ni ba!"

Baba ya samo fatar saniya wajen mahauci. Aka kai wa Tsoho Lutaaya, mai gyaran ganguna. Malama ta ce wanda ya ƙona shi zai taya gyara. Don haka kowace Asabar, sa'ad da yara ke buga ƙwallo, yaro yana can yana kankare fata yana murza tsirkiya. Ga wari, ga ƙudaje. Bai yi gunaguni ba.

Kafin Kirsimeti ganga ta dawo sabuwa fil. Malama ta miƙa masa sanduna. Sai ya ɓoye hannunsa a baya.

"A ba wani, Malama."

"Don me?"

"Irina bai kamata ya taɓa gangar majami'a ba."

Malama ta lallashe shi, ya ƙi. Ssekandi ya ja shi, ya ƙi. Wasu yara sun laƙaba masa suna Mai Gasa Ganga, shi kuma ya ɗauka ya rataya a wuya. A sujada can baya yake zama, kansa a ƙasa. A gida ma ya daina kiɗa. Har Mama ta turo masa tukunya da gangan, bai taɓa ba.

"Gidan nan ya yi shiru da yawa," in ji Mama. "Ni dai ban saba ba."

Ana gobe Kirsimeti da safe, wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida. Kawun yaron ne ya aiko wa Jajja da saƙo daga wani ƙauye mai nisa. Jan zakara ne ƙato, an ɗaure ƙafafunsa da igiyar ayaba.

"Na miyar gobe ne?" in ji yaron.

"A'a, na kiwo ne. Kajina ba su da maigida. Ɗauko wuƙa ka yanke masa igiyar."

Yaro ya kwantar da zakara a tsakar gida, ya yanke igiya, ya ja baya. Zakara bai motsa ba. Yana nan kwance a gefe ɗaya, ƙafafunsa a haɗe, yana ƙifta ido.

Jajja ta watsa masa masara. Ya miƙa wuya daga kwance, bai kai ba.

"Jajja, zakaran nan wawa ne!" in ji yaron. "An kwance shi, amma bai sani ba."

"Ina igiyar?"

"Ga ta a hannuna."

"To me ya riƙe shi?"

"Ba komai. Gani yake har yanzu a ɗaure yake."

"Oho," in ji Jajja. "Ashe a gidan nan su biyu ne."

Yaro ya dube ta. Ya dubi igiyar da ke hannunsa.

"Zo nan, maigidana. Ka faɗi laifinka?"

"Na faɗa."

"Ka gyara abin da ka ɓata?"

"Na gyara."

"Malama ta yafe, Ssekandi ya yafe. Allah kuma da ya ce zai gafarta, ka taɓa jin ya saɓa alkawari?"

"A'a."

"To Yesu ya riga ya yanke igiyarka. Don haka ma aka haife shi, don haka muke murna gobe. Wanda ya kwance kuwa ya kwantu. Kwanciyar me kake yi?"

Yaro ya share ido. "In na sake yin wani laifin fa?"

"Za ka yi mana! Ni da furfurata ma ina yi. Sai ka koma wurinsa da sauri. Bai gama aikinsa a kanka ba. Shi ya fara, shi kuma zai ƙarasa, kaɗan-kaɗan, yadda ɗan ayaba ke tasowa a gindin uwarsa. Maza, ta da mini zakarana."

Yaro ya ja bokiti. Ya ɗaga hannu biyu ya sauke. Dam-dam-daram!

Zakara ya yi tsalle sama, ya buɗe fiffike, ya bi ta tsakanin ƙafafun Mama, ya faɗa gona. Yaro ya bi shi yana dariya. Jajja ta yi dariya har da riƙe ciki.

Can ya dawo yana haki, da zakara a hammata.

"Jajja, kafin ki gani da idonki, bari in gaya miki. Na tattake miki waken da kika shuka. Zan sake shukawa."

Jajja ta tafa hannu. "Kun ji! Ba a tambaye shi ba ya faɗa. Maigidana ya fara girma."

Ran Kirsimeti majami'a ta cika maƙil, wasu har a taga suke leƙe. Ssekandi ya zauna da babbar ganga. Yaro ya zauna kusa da shi da ƙaramar. Wani ƙaramin yaro ya nuna shi da yatsa.

"Lah, ga Mai Gasa Ganga!"

Yaronmu ya yi murmushi. "Da ke nan. An yafe mini. Matso ka ji kiɗa."

Malama Nabbosa ta ɗaga hannu. Ganguna suka amsa. Ranar ba wanda ya ce gangar tana mura. Mata suka yi guɗa, maza suka tashi tsaye. Jajja ta jingine sandarta a bango, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta shiga fili. Ashe ƙafar rawar tana nan!

Zakaran yana nan har yau. Shi ke ta da unguwarmu kowace safiya, ko muna so ko ba ma so.

Yara, in kun yi laifi kada ku ɓoye, kada kuma ku bar wani ya ɗauki zargi. Ku faɗi gaskiya, ku gyara abin da za ku iya gyarawa. In Allah ya gafarta muku, ku yarda da alkawarinsa. An yanke igiyar, ku tashi ku yi tafiyarku da murna.