Jan Maɓallin da Auta Ta Manta

Tun da Baba ya ce a kira masa yaron nan mai kiɗa ya zo da kayan sana'arsa, hankalin Auta bai sake kwanciya ba. Ranar Asabar da hantsi ta share falo sau biyu, ta goge teburin da babu ƙura a kansa, har Yaya ya ɗago kai daga wayarsa.

"Ke, minista ne zai zo? Makaɗi ne fa!"

"Malamin kiɗa ne, Yaya. Makaranta ɗaya muke koyarwa, ka sani."

Ba ta ƙara ba, domin ba bakin Yaya take tsoro ba, shirun Baba ne. Shekara arba'in Baba ya yi yana zuba ado a wuyan riga da zare da allura, sai ga kekunan ɗinki masu kwamfuta sun zo sun kwashe masa kwastomomi kaf. Tun daga nan ya tsani duk wani inji mai aiki da kansa. Ya kuma faɗa sau ɗaya, shi da ba ya maimaita magana, cewa ba zai ba da 'yarsa ga wanda inji ke ciyarwa ba.

Ga shi kuwa fiyanon Malam sabo ne fil, kwanansa goma sha biyu. Tsohon da ya saba da shi ya mutu, wannan kuma maɓallai ne birjik da ɗan sikirin mai haske. Malam da kunne yake kiɗa, littafin bayani ba ya shiga kansa, don haka Auta ke karanta masa a ofishin malamai lokacin hutun tara. Sun gano mai mayar da sauti na sarewa, da mai raba allon gida biyu, da mai sako ganguna. Ranar Talata ta danna jan maɓallin ɗaukar kiɗa, aka buga ƙararrawa, ta ruga aji ta manta shi a kunne. Da suka gane washegari suka kunna abin da ya ɗauka, Malam ya kashe tun kafin a yi nisa.

"Don Allah goge shi, abin kunya ne!"

"Ba mu kai shafin gogewa ba tukuna," in ji ta.

Ƙarfe goma sha ɗaya na Asabar ɗin Malam ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da Baba. Yana sunkuye yana neman soket, Yaya ya matso ya tsaya a kan fiyanon. Wuta na kamawa ya shiga latse-latse kamar nasa.

"Baba, bari ka ga sana'ar surukinka."

Ya danna maɓallin gwaji. Nan take falo ya cika da kiɗa mai daɗi, ganguna da sarewa da komai, alhali babu hannun kowa a kai. Yaya ya harɗe hannuwa yana dariya.

"Ka gani? Ni ma na zama malamin kiɗa!"

Fuskar Baba ta murtuke. "Abin da za ka riƙe mini 'ya da shi ke nan?"

"Baba, wannan na kamfani ne, ba nawa ba. A ba ni dama in..."

"Bismillah."

Malam ya kashe gwajin, ya zauna, ya ɗora yatsu. Ashe latse-latsen Yaya ya hargitsa saitin gaba ɗaya. Yana taɓawa ganguna suka ɓarke da gudu. Ya danna wani maɓallin, sauti ya koma na ƙaho. Ya sake dannawa, hannun hagu ya ɗauke ɗif. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya rasa ta inda zai koma. Tausayinsa ya kama Auta har ƙirjinta ya yi zafi.

"Ya isa," in ji Baba, ya jawo takalminsa. "In inji ya yi, kai ne gwani. In ya ƙi, ba ka da hannu. Ɗauki kayanka, yaro. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"Baba!" Hawaye suka zubo mata. Ba ta taɓa tare masa hanya ba a rayuwarta, amma yau ta durƙusa a gabansa. "Minti biyu kawai, don girman Allah."

Bai ce e ba, bai kuma wuce ba. Ta miƙe ta nufi fiyanon.

"Auta, kar ki..." in ji Malam.

Ta riga ta danna maɓallin sauraron abin da aka ɗauka ranar Talata.

Sauti ya fito ɗaya bayan ɗaya, a hankali, babu ganga babu ado. Layi ɗaya aka yi, aka yi tuntuɓe, aka tsaya. Aka koma farko. Aka sake kuskure a daidai wurin, aka sake komawa.

"Wannan kuma wane shirme ne?" in ji Yaya.

"Rufe mana baki!" Baba ya daka masa tsawa.

Ya gane waƙar. Ita ce wadda marigayiya Mama take rerawa a ƙasan maƙoshi in tana goge masa rigunan da ya gama. Ba ta da suna, ba ta cikin kowane kaset. Auta ce ta rera wa Malam ita sau biyu.

Baba ya koma ya zauna. Sau tara yana lissafawa da yatsa, sau goma sha huɗu, sau ashirin. A na ashirin da uku waƙar ta tafi sumul har ƙarshe. Yaya ya sunkuyar da kai, don shi ma uwarsa ce.

"Inji ba ya kuskure," in ji Baba. "Wannan mutum ne. Haka nake farke wuyan riga in sake, in farke in sake, har maigidana ya ce ya yi." Ya dubi Malam. "Don me ka so ka hana ta kunnawa?"

"Na so in kawo maka mai kyau ne, Baba."

"Ai wannan ne mai kyan. Ke Auta, gyara masa abin nan. Ina so in ji da hannunsa."

Ta buɗe littafin tana share ido, ta nemo shafin mayar da saiti, ta danna maɓallai biyu a tare. Malam ya ja numfashi ya fara. Sau ɗaya ya yi tuntuɓe, Baba ya yi murmushi ya ce ya ci gaba.

Da ya gama, Baba ya goge fuska da hannun riga. "Ka turo magabatanka."

Ga darasi nan ga masu tasowa: kar a yanke wa mutum hukunci da abin da aka gani a minti ɗaya, kuma kar mai koyo ya ji kunyar tuntuɓensa, domin haƙurin maimaitawa shi ne shaidar sana'a. Auta dai ta kai shafin gogewa daga baya, ta karanta shi tsaf, amma har yau Baba ya hana a taɓa.