Cefanen Gidan Inna Laraba

Da hantsin ranar Asabar Sufeto Abdussalam yana zaune a ofishinsa na Anka, yana juya lissafin da ya saba juyawa kowane mako: dubu huɗun da yake ba matarsa ta yi cefane, da yadda suke ƙarewa tun Laraba. Hayaniya ce ta katse shi.

'Yan banga biyu ne suka shigo da wata mace siririya, ɗankwalinta a hannu, idanunta sun kumbura. Bayansu ga wani mutum cikin farar shadda, yana kaɗa makullin sabon babur. Sufeto ya san shi. Alhaji Sa'idu ne, mai sayen zinariya a Bagega, wanda shekara uku da suka wuce ko keke ba shi da shi.

"Ranka shi daɗe, sata anka yi min," in ji Sa'idu. "Cehwanen sati guda cur, jiya ana Masallacin Juma'a. Ga wadda tay yi ta nan, Habsu, mai yi muna surhe."

"Me da me aka ɗauka?"

Sa'idu ya fara jerowa, kuma da ganin fuskarsa jerowar tana yi masa daɗi. Shinkafa tiya shida. Taliya katan guda. Man gyaɗa galan, manja galan. Doya goma, kifin banda, naman sa kilo huɗu, madarar gari babban gwangwani, sukari, da kayan miya cike da kwando.

Sufeto ya ajiye biro. Shekara goma sha tara yana sanye da kaki, bai taɓa shigar da rabin wannan gidansa a wata guda ba, balle a mako. Hassada ce ta taso masa, ya san sunanta, ya yi a'uziyya a zuci ya ɗauki bironsa.

"Wace shaida gare ku a kanta?"

"Ita kaɗai ta cikin gida, mata duk sun tahi suna," in ji babban 'yan bangar. "Kuma mun iske ƙunshin shinkahwa da nama ɗakinta. Wajenmu tak kwana. In hukuma ba ta yi komi ba, ran kasuwa za mu aza mata kwando bisa kai mu kewaya gari da ita."

Habsu ta durƙusa. "Yallaɓai, Hajiya Saude tab ba ni. Aradu ita tab ba ni. Ina bayan gida ina surhe, ban ga komi ba. Mijina ya rasu, ɗiyana uku. In anka kewaya da ni, babu gidan da za a sake ba ni aiki."

Sufeto ya dube ta. Macen da iska mai ƙarfi za ta iya turewa, wai ita ta sure kayan da sai ƙato biyu.

"Ba mai kewayawa da kowa. Ku bar ta nan. Alhaji, mu je gidan."

Gidan irin na gado ne, zaure ɗaya, sassa biyu. Na dama an yi masa bulo da rufin kwano, har da janareta. Na hagu ginin ƙasa ne, nan Mamuda yayan Sa'idu yake da matarsa da 'ya'ya bakwai. Shi manomi ne. Tun shekarar da gubar dalma ta kashe yara a ƙauyukan haƙar zinariya ya rantse hannunsa ba zai taɓa dutsen nan ba, kuma bai taɓa ba. Tsakanin sassan biyu ɗakin mahaifiyarsu yake, Inna Laraba.

Ɗakin ajiyar Sa'idu wayam yake, sai zanen gindin galan a ƙasa. Kwaɗon ƙofar lafiya lau. Makullin, in ji Sa'idu, a ƙusar bakin ɗakin Inna ake rataye shi, kowa na gidan ya sani.

Can saman kanta Sufeto ya hango baƙar leda a ɗaure. Ya sauko da ita. Farin goro ne manya, da kwalbar zuma, da man zafi.

"Wannan fa?"

"Na Inna na. Kowace Juma'a nikan haɗo mata." Sa'idu ya yamutsa fuska. "Amma cikin buhun shinkahwa nis saka shi. Wa ya aza shi can?"

Ɓarawon da ya kwashe har kayan miya, ya tsaya ya zaro goro da zuma, abin da ya fi sauƙin shiga aljihu, ya ɗora su inda ɓera ba zai kai ba. Wannan ɓarawo yana da uwa a gidan nan, ko kuwa yana jin kunyarta.

Ya sa aka kira Saude matar Sa'idu, ya ce mijin ya ba su wuri. Ta tsaya bakin ƙofa cikin hijabi.

"Kin ba Habsu shinkafa da nama?"

"Ban ba ta ba."

"To shi ke nan. Zan rubuta haka. Sai dai ki sani a gaban alƙali rantsuwa ake yi."

Ta murza yatsu. Can ta ce da ƙaramar murya, "Na ba ta. Kullum Juma'a nikan ɗibar mata. Alhaji ya hana a taɓa cehwane bai gani ba, shi yas sa nic ce ban ba ta ba. Don Allah kak ka hwaɗa mai."

Ran Sufeto ya ɓaci. Don gudun faɗan miji ta bar baiwar Allah ta kwana a hannun 'yan banga. Ya danne.

"Jiya da aka kwashe kayan, me kuka ci?"

"Shayi da burodi. Ko kwanon Inna ban samu aikawa ba."

"Wane kwano?"

Ta bayyana masa. Al'adar gidan ce, kowane sashe ya aika wa tsohuwa kwanon abincin dare. Tun da Allah ya buɗa wa Alhaji, nasu Inna take ci. Na sashen Mamuda yadda aka kai shi haka ake mayar da shi, ko murfin ba ta ɗagawa. Da ta faɗi haka har da ɗan murmushin alfahari.

"Jiya fa?"

"Jiya dai dole ta ci nasu."

Sashen Mamuda tsaf yake, amma talaucin bai ɓuya ba. Lauratu matarsa tana bakin murhu. Ta ce maigida ya tafi gona. Sufeto ya tambaye ta nawa ake ba ta na cefane.

"Dawa tiya bakwai ran Juma'a, da ɗari biyar na kuka da daddawa da gishiri. Allah shi ka rufa asiri."

Bayan murhun ya ga tarin jajayen gashin kaza.

"Yanka kuka yi?"

"Zakaranmu na. Ciwo yak kama shi, munka yanka kada shi mutu banza."

"Yaushe?"

"Da marece."

"Maigidanki ya je Masallacin Juma'a jiya?"

"Ya tahi mana." Idonta na kan tukunya.

Da ya fito, sai ya tsaya wurin tsohon da ke saƙar igiya a ƙofar gidan da ke kallon nasu. Tsohon ƙafa ta hana shi zuwa masallaci, don haka komai na jiya a idonsa aka yi.

"Baƙo dai bai shiga ba," in ji shi. "Mamuda kaɗai nig gani ya hito da jakinai, mangala cike da taki, ana huɗuba. Nic ce, Mamuda, taki ran Juma'a? Yac ce damana ta kusa."

A irin wannan lokaci na shekara jakuna ashirin kan wuce da taki kafin azahar, ba mai ɗaga kai ya dube su, balle ya tona ya ga abin da ke ƙasan mangala.

Saura Inna Laraba. Ya same ta a kan tabarma, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, na ji jiya kin sha romon zakara."

Tsohuwar ta yi dariya, ba ta san inda aka dosa ba. "Na sha, ɗana. Tun da sahe Mamuda ya leƙo yac ce, Inna, kak ki cika cikinki da hura, yau tuwona za ki ci. Ina jin kukan zakaran da anka yanka, rana ba ta ko yi zahi ba."

"Tun da safe?"

"Tun da sahe."

Ta dubi fuskarsa. Dariyar ta gushe daga fuskarta a hankali. Uwa ce, ba sai an ƙarasa mata ba.

Sufeto da kofur ɗinsa da Sa'idu suka sami Mamuda a gona bayan la'asar, zaune gindin rumbunsa, fartanya a gefe ko ƙasa ba ta taɓa ba. Ƙudaje sun yi dandazo a bakin rumbun, warin ruɓaɓɓen nama yana tashi. Da ya ga Sufeto da kofur da ƙanensa, bai yi yunƙurin gudu ba.

"Malam Mamuda, wa ya gaya maka da safe cewa Saude ba za ta yi girki da dare ba?" in ji Sufeto.

Mamuda ya tashi da kansa ya ɗage murfin rumbun. Komai na nan a kan damman dawa, galan biyu ko buɗe su ba a yi ba.

"Ban ci ko ƙwara guda ba," in ji shi. "Ban kai ma ɗiyana haram ba."

"Yaya!" Sa'idu ya dafe kai. "In abinci kaka so, mi ya hana ka hwaɗa min?"

"Abincinka nika so?" Muryar Mamuda ta tashi. "Shekara ashirin ni ka ci da Inna, kana yawo da gajeren wando. Gumina taka ci. Yanzu shekara biyu kwanona na zuwa shina dawowa kamar na mai kuturta. Kowace Juma'a in zauna zaure in ga ana wucewa da kayanka, ƙamshin miyarka na shigowa har ɗakina, ɗiyana na leƙe. Sati guda nika so. Sati guda rak, Inna ta ci nawa."

Sufeto ya kawar da kai. Ya tuna hassadar da ta taso masa da safe, shi da ba ɗan'uwan Sa'idu ba ma, jerin kayan kawai ya ji.

Aka dawo da shi gida don a kwashe kayan a gaban shaidu. Inna Laraba tana tsaye a zaure ta dogara da sanda. Labari ya riga su isowa.

"Mamuda," ta ce, "ashe wawa nih haihwa ban sani ba. Tiya bakwai ga baki tara. Kana zaton ban iya lissahi? Kwanon da nika maidowa, su wa ka cinye shi da sahe? Ba ɗiyanka ba? Na bar tuwon da nif fi so duniya don jikokina su ƙoshi, kai kuma kana can kana ƙullace da ni."

Mamuda ya zube a gabanta yana kuka irin na manya, wanda ba sauti sai kafaɗu.

Sa'idu ya matso kusa da Sufeto. "Ranka shi daɗe, na janye. Maganar gida ta, mu kashe ta nan."

"Ta gida ce da ba a kwana da 'yar mutane a ɗaure ba. Ya san inda take jiya, ya ci zakaransa ya kwanta. Kofur, tafi da shi."

A ofis Habsu tana nan kan bencin da aka bar ta. Sufeto ya ce ta tashi, ba ta da laifi. Ya juya ga babban 'yan banga ya ce ranar kasuwar da suka yi niyyar kewayawa da ita, su kewaya da mai shela, ya faɗa wa gari Habsu ba ta ɗauki komai ba, kuma shi da kansa zai tsaya ya ji.

Ana shigowa da Mamuda suka yi kiciɓis a bakin ƙofa. Ya sunkuyar da kai.

"Habsu, ki yahe min. Ban yi nuhin abin shi hwaɗa kanki ba."

Ta gyara ɗankwalinta, ta dube shi sosai.

"Malam Mamuda, kai don uwarka ba ta ci tuwonka ba kay yi wanga aiki. Ni nawa ɗiyan jiya da yunwa sunka kwana, suna ji ana kiran tasu uwa ɓarauniya."

Ta raɓa shi ta fita da sauri, ta nufi gida. Kofur ya kama hannun Mamuda ya shige da shi bayan kanta.