Maɗin Ɗinyar Giwa Tazo

Ranar kasuwar Jega ce, cikin kakar shekarar da ta biyo bayan ba da jihar Kebbi. Iklima na tsugune a rumfar Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifinta, tana jera kek a faranti, sai wani dogon saurayi ya zo ya jingina kekensa jikin dirkar rumfar. A bayan keken an ɗaure ƙwarya cike da ɗinya, manya-manya, baƙaƙe wuluk suna sheƙi.

Sati uku ke nan tana neman irinta. Tun da sukari ya yi tsada take tunanin dafa maɗin ɗinya ta riƙa kwaɓa kek da shi, amma duk wadda ake kawowa kasuwa ƙanana ce, ga bauri.

"Malam, ɗinyar ga ta saidawa ce?"

Ya waiwayo. Da suka haɗa ido sai ya yi kamar ya manta da abin da aka tambaye shi.

"A'a, gero na kawo, kuma anka saye. Wagga tsintuwa ce bisa hanya. Mi za ki yi da ita?"

"Kek."

"Kek da ɗinya?" Ya yi dariya. "Ban taɓa ji ba."

"Ai ba ka gama jin duniya ba."

Gwaggo Tani ta kai bakin mayafi ta rufe baki. Saurayin ya kwance ƙwaryar ya ajiye gaban Iklima, ya ce ba girgizo ta aka yi ba, da kanta ta faɗo, shi ya sa ba ta da bauri. Ya ce sunansa Waliyyu, daga Giwa Tazo ta ƙasar Maiyama, kuma ladansa ɗaya ne: kasuwa mai zuwa a ba shi ya ɗanɗana.

A makarantar 'yan mata Iklima ta koyi gashi, amma a gida babu irin murhun makaranta. Yashi take zubawa cikin babbar tukunya ya yi zafi, ta shafa wa gwangwanayen madara mai, ta zuba kwaɓin, ta jera su kan yashin, ta rufe, ta ɗora garwashi bisa murfi. Gwajin farko ya ƙone. Na biyu ya kwanta kamar waina. A na uku ne ƙamshi ya cika gidan, har mahaifinta Malam Ya'ƙub tela ya bar keken ɗinkinsa a zaure ya leƙo yana tambayar me ake toyawa.

Da kasuwa ta zagayo Waliyyu ya zo. Ta miƙa masa kek ɗaya, ya gutsura, ya tauna a hankali, ya lumshe ido.

"To?" in ji Iklima.

"Ni dai daga yau ban san wata Iklima ba. Maɗi na sani."

Sunan ya bi ta. Ita kuma ta sa masa Na Giwa.

Daga nan kowace kasuwa da abin da zai kawo. Da ɗinya ta wuce sanyi ya shigo, ya zo da magarya busasshiya, ta daka ta tankaɗe ta haɗa da fulawa. Ya kawo kanya, ya kawo goruba. Ya san kowace bishiya tsakanin garinsu da Birnin Malam, wadda take fara nuna da wadda take makara. A ƙarƙashin kayan kuwa kullum akwai 'yar takarda a ninke, da rubutunsa manya-manya na wanda ya tsaya a firamare:

"Maɗi, magaryar bakin fadama ta nuna. Ina tsinta ina tunanin ko da ke muke tsinta. Inna ta ci kek ɗinki, ta ce wadda ta yi wannan ba ta da gaggawa. Ki gaida Gwaggo. Naki, Waliyyu."

Ita ma takan sa amsa cikin takardar da ta naɗe masa kek:

"Na Giwa, ban taɓa ganin magarya a bishiya ba sai a tire. Ka ajiye min reshe ɗaya kada ka tsince. Ka riƙa sa rigar sanyi in za ka fito da safe. Taka, Maɗi."

Ya fara zuwa zance ƙofar gida bayan la'asar. Zuwansa na uku Malam Ya'ƙub ya kira ɗiyarsa zaure, ya tsayar da keken ɗinki.

"Iklima, yaron ga na ina ne?"

"Giwa Tazo, Baba."

Ya ajiye ɗinkin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ban ga aibunai ba. Amma ba ni sake ba da ɗiya ƙauye."

Iklima ta sunkuyar da kai, don ta san dalili. Yayarta Ramatu an kai ta aure wani ƙauye can bayan gulbi. A cikinta na biyu naƙuda ta zo mata tsakiyar damina, ruwa ya yanke hanya, aka rasa motar da za ta kawo ta asibiti. A amalanke ta cika, ita da abin da ke cikinta. Shekara huɗu ke nan, amma har yau ba a ambatar sunanta gaban Malam sai muryarsa ta canza.

"Ga Murtala nan ɗan maƙwabta," ya ci gaba, "anka ɗauke shi aiki Birnin Kebbi, ya yi mini magana. Can asibiti na bakin ƙofa. Ba ni yi maki dole, amma ki yi tunani."

Ba ta iya gaya wa Waliyyu duka ba. Ta dai ce masa Baba bai ba da fuska ba tukuna, a yi haƙuri.

Shi kuwa Murtala mutumin kirki ne, mai fara'a, ga babur sabo. Bayan ƙaramar Sallah ya zo ya ce za a yi walimar ban kwana da wani babba a ofishinsu, yana son kek cike da kwali biyu. Kwana biyu Iklima tana gaban tukunya. Ranar kasuwa ya zo rumfa ya ɗaure kwalayen a babur, wani abokinsa na tsokanarsa da ƙarfi, "Ango, wannan duk na biki ne?" Murtala ya yi dariya bai musa ba.

Iklima ba ta san Waliyyu na tsaye bayan masu tukwane ba, da garin ɗorawa ɗaure a ƙyalle. Bai ƙaraso ba. Wurin wata mai daddawa ya bar saƙon, da takarda:

"Iklima, na ga kaya, na ji abin da aka ce. Allah ya sa alheri. Ba zan tsaya maki a hanya ba. Waliyyu."

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne sunan. Iklima, ba Maɗi ba.

Kasuwa uku bai zo ba. Ta rame, kek ɗinta ya fara fitowa da ɗanyen ciki. Ranar da ta zuba gishiri a madadin garin magarya, Gwaggo Tani ta ƙwace muciyar daga hannunta.

"Tashi ki shirya, gobe za mu Aliero. Albasa nike so."

"Gwaggo, ga albasa nan kasuwar Jega."

"Ta Aliero nike so, ta hannun mutanen Giwa Tazo."

Lokacin cirar albasa ne, Aliero ta cika ta batse. Buhuna jibge kamar katanga, manyan motoci na lodi zuwa kudu, warin albasa har cikin ido. Sun sha yawo kafin su sami Waliyyu yana ɗinke bakin buhu da basilla. Da ya gan su sai basillar ta faɗi.

Ya durƙusa ya gaida Gwaggo. Ita kuwa ta amsa ta juya tana latsa albasa ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda ba ta taɓa ganin irinta ba.

"Ina angon?" ya tambayi Iklima, idonsa a ƙasa.

"Wane ango? Kek ɗin walimar ofis ne. Da ka taka ƙafa goma ka tambaye ni, da ka ji."

"To mi ya sa bai musa ba?"

"Wannan shi za ka tambaya. Ni tun ranar na gaya masa ba zan aure shi ba, ya kuma karɓa da mutunci." Ta dube shi ido cikin ido. "Wata bakwai kana kawo min daji a ƙwarya, sai maganar ɗan kasuwa guda ta kore ka?"

"Maɗi..."

"Yanzu ka tuna sunan?"

Ya roƙi gafara har sau uku. Ta share ido ta ce albasa ce. A nan, zaune kan buhu, ta ba shi labarin Ramatu tun daga farko. Waliyyu ya saurara bai katse ta ba. Da ta gama ya ce, "Ashe ba ƙina Baba ke yi ba. Tsoro yake ji. Ki bar ni in yi shawara da Inna."

Bayan kwana tara sai ga baƙi a gidan Malam Ya'ƙub da hantsi: Waliyyu da mahaifiyarsa Inna Altine, wata siririyar tsohuwa da harshenta ke karkata zuwa Fulatanci. Ta ce ta san ba aikin mata ba ne neman aure, maza za su zo a bayanta, amma akwai maganar da uwa ce kaɗai za ta iya faɗa. Iklima na bayan labulen zaure tana saurare.

"Malam, na ji abin da ya sami ɗiyarka. Allah ya jiƙanta. Ni ma na binne ɗiya, na san wurin da yake ciwo. Ba mu da asibiti, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ga alkawarina gaban Allah. Ba cikin fari kaɗai ba, kowane ciki Allah ya ba ta, da ya kai wata bakwai ni da kaina zan kawo ta ɗakin nan, rani ko damina. Ba ta komawa sai ta yi arba'in."

Malam ya dubi Waliyyu. "Kai fa? Wata huɗu ba mata a gida, za ka iya?"

"Baba, da ƙafata zan riƙa zuwa ganinta. In hanya ta yanke in biyo ta gonaki, na san su duka."

Malam ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya ɗaga murya. "Iklima, na san kina nan. Fito."

Ta fito ta durƙusa.

"Kin ji. Mi kika ce?"

"Baba, ni ma ina tuna Yaya Ramatu kullum. Amma can zuciyata take. In ka yarda, zan tafi da albarkarka. In ba ka yarda ba, zan zauna, sai dai ba zan so wani ba."

Malam ya mai da tabarau idonsa. Ya dubi Inna Altine ya ce, "Ku turo magabata."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ya'ƙub. Mutanen Giwa Tazo suka zo cike da mota biyu. Murtala ma ya zo, shi ya riƙa raba goro. Da la'asar, kafin a fita da amarya, Gwaggo Tani ta kai ta gaban mahaifinta. Ya yi niyyar doguwar nasiha, amma da ya ga ƙafafunta da lalle sai ya taƙaita. Ya ɗora hannu a kanta.

"Ban taɓa kwana da fushinki ba, Iklima. Allah ya yi maki albarka. Allah ya kai ki lafiya, ya maido mini ke lafiya, ke da abin da za ki riƙo."

Rana ba ta faɗi ba suka isa. Matan gari suka tare su da guɗa tun daga bakin rijiya. Inna Altine ta kama hannun amarya ta shigar da ita sabon ɗaki mai ƙamshin daɓe, ta ba ta nono mai sanyi a ƙaramar ƙwarya, ta ce, "Sha, ɗiyata, kin iso gida."

Da mata suka ɗan rage, Waliyyu ya tsaya a bakin ƙofa cikin farar riga, ya kasa shiga.

"Maɗi, ƙauyen ya yi maki?"

Ta ɗaga mayafi kaɗan, ido ɗaya kawai ya gani, idon kuwa cike da dariya.

"Ban gan shi ba tukuna, Na Giwa. Gobe da safe sai ka zaga da ni."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su tsufa tare.