Sama-sama

Muhyiddeen yana tsaye a bakin kasuwar Chow Kit a Kuala Lumpur, ledar kuɓewa a hannu, kai a sama, baki a ɗan buɗe. Jirgin monorail ne ke wucewa ta saman titi, shi kuwa har yanzu bai saba ganin jirgi yana gudu a bisa kawunan mutane ba. Bai daɗe da zuwa karatun digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak ba, kuma kallon garin bai ishe shi ba.

"Malam, idan ka gama kallon, ka ɗan ɗaga ƙafa. Takalmina kake takawa."

Da Hausa aka yi maganar. Ya juyo a firgice, sai ga budurwa cikin hijabi ruwan toka, riƙe da ledar kifi, tana ƙoƙarin ɓoye dariya. Nan take ya manta da jirgin.

"Subhanallah, ki yi haƙuri. Ashe 'yar gida ce."

"'Yar unguwar Sentul dai, lah. Kai kam sabon zuwa ne, ba sai an faɗa ba."

Sunanta Rufaida. Tun tana ƙarama mahaifinta, Alhaji Zahraddeen, mai harkar tura kaya zuwa Kano, ya kawo iyalinsa Kuala Lumpur. Hausarta tana da daɗi, sai dai Malayanci yakan leƙo a cikinta ba tare da ta sani ba.

Muhyiddeen ba yaron banza ba ne. Ya nemi Alhajin a masallaci ranar Juma'a, ya durƙusa ya gaishe shi, ya nemi izinin zuwa zance. Aka ba shi, don ba a ga abin ƙi a tare da shi ba tukuna.

A mamak, wato shagon shayi da abinci da ke ƙasan benensu, suke zama da yamma, inda mahaifiyarta, Hajiya Turai, ke iya hango su ta taga. Shi ba ya gajiya da yaba garinta. Tagwayen benayen nan da ke shiga gajimare, ruwan saman da ke zubowa kullum la'asar kamar an saka masa lokaci, komai mamaki yake ba shi. Ita kuwa abin da ke ba ta mamaki daban ne.

"Deen, ƙara ba ni labarin Dutse."

"Rufy, me zan faɗa miki da zai burge mai Kuala Lumpur? Gari ne matsakaici. Bai kai Kano ba, ya wuce ƙauye."

"Shi nake son ji."

Sai ya gyara zama. Ya ce mata a Dutse mutum yakan tashi daga aiki ya je gida ya ci tuwon rana da zafinsa, ya koma ofis bai makara ba. Ya ce idan ka fito sayen tsire sai ka haɗu da malaminka na firamare, da telanka, da abokin da kake nema tun makon jiya, duk a gaban tukuba ɗaya. Akwai jami'a, akwai asibiti, akwai inda ake kallon ƙwallo, amma garin bai yi girman da za ka ɓace a cikinsa ba. Idan dabino ya nuna, ba ka saye sai don sha'awa, maƙwabta ne za su yi ta aiko yara da shi a kwano.

"Kuma akwai duwatsu," ya ce, "manya-manya, sun kewaye gari. Idan kin hau ɗaya da yamma, za ki ga garin duka, daga inda ya fara har inda ya ƙare."

"Duka?" Ta ajiye kofin shayinta na teh tarik. "Ni ban taɓa ganin ƙarshen gari ba. Nan ko ina ka hau, gini ne bayan gini."

"To zo in nuna miki nawa."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ranar ce ya san cewa ya kamu, kamun da babu kuɓuta.

Matsalar ta taso ne lokacin da ya kusa kammalawa. Gwamnati ce ta turo shi karatu, kuma dole ya koma jami'arsu ya koyar. Da Alhaji Zahraddeen ya ji haka, sai fuskarsa ta canza.

"Dutse? Yaro, ba raina garinku nake yi ba. Amma yarinyar nan ba ta san a ɗauke wuta ba, ba ta san a jira tasi a rana ba. Wata uku za ta yi ta fara kira tana kuka. Ni ba zan ba da 'yata ta je ta yi ƙunci ba."

Ga kuma Abdulbaƙi, ɗan aminin Alhaji, mai karatu a wata kwaleji mai zaman kanta. Yana da mota, yana da gida a hawa na sama a wani condo, irin dogayen benayen nan na masu hali, kuma ba ya da niyyar barin Malaysia. Kullum yana aiko da tapau, wato ƙunshin abinci, gidan, yana cewa, "Baba, Rufaida ai city girl ce, a bar ta inda ta saba." Yaron bai da mugun hali, shi ya sa zancensa ya fi ciwo.

Muhyiddeen ya kasa cin abinci. Ya kalli benayen da yake sha'awa, a karon farko suka ba shi tsoro. Da wane baki zai ce mace ta bar wannan ta bi shi? Bayan sallar la'asar ya zauna a barandar masallacin jami'a ya rubuta mata saƙo.

"Rufy tawa, ba ni da condo, ba ni da mota a nan. Dutse nake da ita, kuma dole in koma. Son da nake miki mai zurfi ne, har ƙasan zuciyata. Naki fa, yaya yake? Ki faɗa min gaskiya, ko da za ta yi ciwo."

Amsa ba ta ɗauki lokaci ba.

"Sama-sama, Deen. Sama-sama."

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce mata nasa mai zurfi ne, ta ce nata sama-sama. Kamar gaisuwar da ake yi wa wanda ba a son ya zauna, kamar barcin da bai kama mutum ba. Har sau biyu ta faɗa, don kada ya yi shakka. Bawan Allah ya share ido da hannun riga, ya rubuta: "Na gode da gaskiyarki. Allah ya haɗa ki da alheri." Daga nan ya kashe wayar.

Rufaida kuwa tana can tana jiran ya zo da gudu, sai ga wannan saƙo. Ta kira, waya a kashe. Kwanaki suka wuce, kujerarsa a mamak babu kowa. Ta rame, ta daina dariya, har mai shayin ya tambaye ta ina abokin hirarta.

Hajiya Turai ce ta gaji da ganin haka. Ta same ta a ɗaki tana kuka, ta karɓi wayar ta karanta. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Mama, kuka nake kina dariya?"

"Ke, 'yar nan, me kike nufi da sama-sama?"

"Same-same mana. Yadda nasa yake haka nawa. Kuma mu tafi tare. Ai haka ake cewa."

"Haka Malayawa ke cewa. Da Hausa kin ce masa sonki bai shiga ciki ba, a baki kawai yake." Ta goge hawayen dariya. "Farkon zuwanmu wata maƙwabciya ta kawo min abinci, na yi ta zuba godiya, ta ce min sama-sama. Na wuni ina fushi, na ce wa babanki matar nan ta ce godiyata ba ta kai zuci ba."

Rufaida ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Mama, jibi zai tafi!"

Hajiya ba ta tsaya nan ba. Ta fita falo ta zauna kusa da Alhaji, ta rage murya.

"Alhaji, tun da muka zo garin nan, ka taɓa hawa tagwayen benayen can?"

"Me zan yi a can?"

"To ina kake zuwa? Masallacin Sentul, shagonka na Chow Kit, sai mamak ɗin ƙasa, inda kafin ka zauna an kawo maka shayinka ba sukari da yawa. Garin nan duk girmansa, ka yanko ɗan daidai kai ka zauna a ciki, inda kowa ya san sunanka. Abin da yaron nan zai kai ta ke nan, sai dai nasa gari guda ne."

Alhaji ya kira Rufaida ya tambaye ta, ta ce da bakinta Dutse take so. Ya kaɗa kai, ya ce a nemo masa yaron.

Sai da aka bi ta hannun abokin ɗakinsa kafin Muhyiddeen ya kunna waya. Saƙo ɗaya ya tarar.

"Deen ɗina, da Malayanci na amsa maka, kai kuma da Hausa ka ji. Ga shi da Hausa: ina son ka har ƙasan zuciyata. Ka zo, Baba yana jiranka. Ka taka a hankali, kada ka sake taka min takalmi."

Ya yi sujada a nan tsakar ɗakin. A hanyar Sentul monorail ya wuce ta samansa, ko ɗaga kai bai yi ba.

Ya ɗage tafiyarsa, bayan sallah ƙarama aka ɗaura aure a masallacin Sentul, waliyyansa suka zo daga gida. Ɗaliban Jalan Semarak suka cika wuri, Abdulbaƙi ma ya zo, shi ya yi ta jigilar baƙi da motarsa. Mai shayin mamak ya ƙi bari kowa ya tashi bai sha ba.

Makonsu na farko a Dutse, Muhyiddeen ya riƙe hannun amaryarsa suka hau dutse da yamma. Tana haki tana mita, har suka kai sama. Da ta juya, sai ta ware ido.

Ga garin nan shimfiɗe a ƙasansu, duka. Hasumiyoyin masallatai, kawunan dabino suna kaɗawa, hayaƙin masu tsire yana tashi, yara suna ƙwallo a fili, can kuma gidaje sun ƙare, gonaki sun fara. Kiran magariba ya tashi daga wannan unguwa, waccan ta amsa, har ya zagaye garin.

"Allahu akbar," ta ce a hankali, idonta ya cika. "Deen, ga ƙarshensa can. Ina ganin ƙarshensa."

"Ga rufin gidanmu ma, kusa da dogon dabinon nan." Ya dube ta. "Rufy, za ki iya tsufa a nan?"

Ta matse hannunsa, ta kalle shi da idon tsokana.

"Sama-sama."

Wannan karon bai kashe waya ba, bai share ido ba. Dariya ya yi har ta amsa a jikin duwatsun, suka gangaro tare don kada sallah ta wuce su. Allah ya sa albarka, ya ba su zuri'a ɗayyiba, ya bar su tare har tsufa.