Yatsu a Jikin Falle

Gab da magariba Kaumi ya koma masana'antar da ke gindin dutse a Kazaure, don ya ɗauko takardun da ya manta. A 1979 ne. Shi ne injiniyan wurin, inda inji ke danna fallen alminiyam ya fito kwano.

Wata uku ke nan kwanukan na tsagewa ta gefe guda. Ya sauya mai, ya goge bakin ƙarfen da ke danna fallen, duk a banza. In aka ci gaba haka, mutum arba'in za su rasa aiki. Sai ya kai awon injin wata jami'a, aka sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda ƙarfen ke gugar falle. Amsar ta hana shi sukuni. Gugar daidai take. Fallen ba zai tsage ba sai in wani abu na riƙe shi ta gabas.

Daudu, dattijon da ke aiki da injin, ya taɓa gaya masa cewa tsohuwar rijiya aka cike aka kafa shi a kai. Kaumi dariya ya yi a lokacin.

Ma'aikata sun watse. Janareta a kashe. Amma wurin na warin ƙarfe mai zafi da ƙaurin mai.

Ya ji ƙas. Can kuma ƙas, kamar farce a gindin kwano.

Akwai falle ɗaya a bakin injin. Ya matsa kusa. A gefen gabas, sawun yatsu huɗu sun nutse cikin alminiyam ɗin kamar a malmalar tuwo. Kowanne ya fi tafin hannunsa tsawo. A jiƙe suke.

Ya ja fallen.

Aka ja daga can.

Wani sanyi ya naɗe masa wuyan hannu, ya jawo shi ƙarƙashin ƙarfen. Ƙarfen ya fara saukowa a hankali, babu ƙarar inji, sai ɗigar ruwa daga can ƙasa.

Ya ƙara ja da iya ƙarfinsa.

"Injiniya, daina ja," in ji wata murya ƙasa-ƙasa a bayansa. Daudu ne. Babur ɗin Kaumi ya gani a ƙofa yana hanyar masallaci. "Yi musu sallama."

Da ƙyar sallamar ta fito.

Riƙon ya sassauta. Daudu ya fizgo shi suka zube tare. Ƙarfen ya rufe a kan hannun rigar Kaumi.

Cikin makon aka ciccibi injin aka mayar da shi wani ɓangaren, nesa da rijiyar. Kwano bai ƙara tsagewa ba, kuma ba wanda ya rasa aiki.

Sai dai hannun Kaumi bai sake yin ɗumi ba. Matarsa Aisa ta ce tun ranar, jaririyarsu ba ta yarda ya taɓa ta da shi.