Muryar Hasiya a Cikin Kacalla

Da la'asar sakaliya, wata Laraba a tsakiyar damina, Mushe Hamisu ya rataya na'urarsa ta ɗaukar hoto a wuya, ya hau moto, wato babur ɗinsa, ya nufi bakin tafkin Madarumfa. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe irin na Faransanci, kuma ana cikin hutu. Sauran malamai duk sun koma gona, shi kuwa tsuntsaye ya sa a gaba. Hoton shamuwa kaɗai yana da fiye da ɗari, ga na zalɓe, ga na laimar kwaɗi iri-iri da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace bayan an sha ruwa. Mutanen gari sun daɗe da yanke masa hukunci: karatu ne ya yi masa yawa.

Matarsa Hasiya ita ce kan gaba wajen yi masa tsiya. Mace ce mai baki. In tana daka tana waƙa, in tana wanki tana hira da maƙwabta ta kan katanga. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, abu biyu ne kawai bakin nan bai taɓa furtawa ba: sunan mijinta, da sunan ƴarta ta fari, Sa'adatu. Shi "Mushe" ne, yarinyar kuwa "ke wannan". Kunya ce irin ta gidansu. Hamisu ba ya faɗa, amma a duniya babu abin da yake so kamar muryar nan. Ko saƙon murya ta aiko masa a waya, ba ya gogewa.

Bana ya samo wata dabara. Yakan naɗi kukan tsuntsu a wayarsa, ya ɓuya, ya kunna. Tsuntsun sai ya zaci ɗan'uwansa ne ke kira, ya fito fili, shi kuma ya ɗauki hotonsa hankali kwance.

A bakin ruwa ya tarar da Ɗan Baba, wani tsohon masunci, yana jawo babban goransa na su zuwa tudu. Tsohon ya dubi wayar da ke hannunsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mushe, yau kam kada ka kunna abin ga. Rana ta hwara ja."

"Mi zai hwaru, Baba?"

"In ta yi ja ba a ɗaga murya wajen kacalla. Ba ka lura ba, mu gora muke ƙwanƙwasawa in za mu kira juna? Muryar da ta shiga ciyawar can a wanga lokaci, ba ta komowa ga mai ita." Ya sake duban wayar. "Ran Lahadi kukan mi ka sa?"

"Na kirinjijiya."

"To, ga su nan. Saurara."

Garken agwagin ruwan nan ne ya ratso ta kansu. Kowa ya san su da fito, ba sa tashi shiru. Hamisu ya ga bakunansu suna buɗewa suna rufewa. Ƙarar fukafukai kaɗai ya ji.

Amma ai Hamisu mutum ne mai ilimi. Ya ce a ransa iska ce ta kwashe sautin. Ya yi wa tsohon sallama, ya bi ƴar hanyar da ta shiga fadama. Akwai wata tsuntsuwa mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado, kwana tara yana binta, kuma hasken yamma ne ya fi dacewa da ita.

Laka tana tsotsar takalminsa. Wurin yana warin ruɓaɓɓen ganye da ƙarnin kifi. Kwaɗi sun cika ko'ina da kuka. Ya sami wani kututturen gawo da laimar kwaɗi ta lulluɓe, fara fat, ya ɗauke ta hoto biyu, sannan ya kwanta a bayansa. Kacalla tana gabansa, ta fi tsawon mutum. Ya ajiye wayar a kan kututturen, ya kunna kukan tsuntsuwar, ya kafa ido a na'ura.

Kukan ya ƙare. Wayar ba ta tsaya ba, ta zarce kan abin da ke biye.

"Mushe, in ka gama hira da kwaɗin naka, ka biyo muna da kihi. Kuma hadari na haɗowa, kada ka kai magariba."

Saƙon da Hasiya ta aiko masa yana kan hanya ne. Ya kai hannu da sauri. Yatsansa duk laka, wayar ta ƙi jin taɓawa. Ya danna, ya sake dannawa. Saƙon ya tafi har ƙarshe, har da ƴar dariyar da ta rufe da ita.

Kwaɗi suka yi tsit.

Sauro ma ya daina kuka. Hamisu ya ɗago kai. Sai wani ƙamshi ya taso daga cikin ciyawar, ƙamshin miyar kuka da daddawa, irin na madafin gidansa.

"Mu...she."

A cikin kacalla ne. Muryar ta fito da kauri, a karkace.

"Mushe."

Wannan karon ta gyaru. Ita ce sak.

"Mushe, taho ka kama ni. Na biyo ka, ƙahwata ta kahe cikin laka."

Wannan maganar ba ta cikin saƙon. Ya san haka. Amma ya ji tana haki, ya ji ruwa yana motsi, kuma wane namiji ne zai ji matarsa haka ya tsaya lissafi? Ya miƙe ya shiga.

Ruwa ya kai gwiwa. Da sanyi kamar na randa.

"Ina kike?" ya raɗa.

"Nan gaba kaɗan."

Ruwa ya kai ƙugu. Ganyen kacalla yana yankar hannunsa. Ya juya, bai ga tudu ba, ciyawa ta rufe bayansa.

Ruwa ya kai ƙirji.

A gabansa, tsakanin karare, akwai wani abu a tsaye. Dogo ne, siriri, ba ya motsi, kamar zalɓe mai jiran kifi. Ruwan da ke kewaye da shi ko rawa ba ya yi.

"Taku ɗaya ya rage," in ji muryar, da taushi. "Hamisu."

Ya sandare.

Shekara goma sha ɗaya yana son ya ji sunan nan a wannan bakin. Da ya ji shi, sai ya san ba ita ba ce.

Ya ja da baya. Laka ta riƙe ƙafarsa, ya bar mata takalmin. Bakinsa ya kasa haɗa addu'a, sai "A'uzu, a'uzu" kawai. Abin ya sunkuyo. Ƙamshin miya ya koma warin rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙarar gora ce, daga hagunsa. Ya rufe ido ya bi ta, yana faɗuwa yana tashi, muryar tana biye da shi tana kiran sunansa, yanzu da dariya. Hannu mai kaushi ya damƙi wuyan rigarsa ya fizgo shi tudu. Ɗan Baba ne, ya miƙa masa wayarsa da ya tsinta a kan kututture, ya ja shi har inda moto yake.

"Muryar wa na ji?"

"Ta iyalina."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Tahi gida, Mushe."

Ana kiran sallar magariba ya isa. Sa'adatu, ƴar shekara tara, tana tsaye a ƙofar gida.

"Baba, Inna na cikin waƙa tana tuƙin tuwo, sai ta tsaya."

Hasiya tana zaune a gaban murhu, muciya a hannu, tuwo yana ƙonewa. Ta dube shi, ta buɗe baki. Iska ce kawai ta fito.

An je wurin likita a Maraɗi, aka duba maƙogwaro aka ce lafiya lau. An sha rubutu, an yi sadaka, an yi hayaƙi. Hamisu ya buɗe saƙonninta da ya adana, ko zai sami abin saurare. Kowanne yana nan da tsawonsa, amma kukan kwaɗi ne a ciki. Ya koma wurin Ɗan Baba yana hawaye, ya tambaye shi ko an taɓa maido wa wani. Tsohon ya ce shi dai tun tasowarsa bai ji ba. Na'urar hoto tana rataye a ƙusa, tsatsa ta ci ta. Gidan da ake jin hirarsa daga bakin titi ya koma sai ƙarar taɓarya, kuma Hamisu ya san shi ya jawo.

Bayan an yi girbi, wata safiya suna shan koko, Sa'adatu ta ɗago kai tana murmushi.

"Baba, ashe haka sunana yake a bakin Inna. Jiya da magariba ta kira ni daga wajen tabki, har sau ukku. Da daɗi."

Ludayi ya faɗi daga hannun Hasiya. Ta cafki hannun yarinyar ta riƙe gam. Ta ajiye kunyar nan ta shekara da shekaru, leɓunanta suna haɗa sunan, Sa'adatu, Sa'adatu, jijiyoyin wuyanta duk sun tashi. Yarinyar ba ta ji komai ba. Kanta yana karkace wajen tafki.

Yanzu tun kafin rana ta yi ja Hamisu yake kulle ƙofa, ya zauna a bakinta. Amma yarinya kullum ƙara tsawo take yi, katangar gidan kuwa tana nan yadda take.