Auta Ba Ta Ajiye Zarto Ba

"Auta! Wai har yanzu garin katako ne a girarki? Ga Malam can a falo tun ɗazu!" in ji Umma.

Auta ta yi dariya, ta kakkaɓe fuska. Ita ce ƙarama a gidan, ita ce kuma ta gaji shagon kafinta na marigayi babansu. Tun tana shekara goma take riƙe masa katako yana yankawa, yanzu kuwa kujerunta sai an bi layi. Malam malamin lissafi ne. A makarantarsu suka haɗu, ranar da ta kai bencina, shekara biyu ke nan suna soyayya.

Ta same shi ya yi tagumi.

"Lafiya, Malam? Ko ɗalibai sun faɗi jarrabawa?"

"Mama ce," ya ce yana kallon ƙasa. "Ta ce ba za ta yi suruka mai guduma ba. Wai ƙawayenta sun fara tambayarta ko namiji zan aura. Filis, Auta, ki rufe shagon nan, ki zama kamar kowa, mu samu a yi auren."

"Kamar kowa?" Ta buɗe masa tafin hannunta da ya yi kanta. "Da hannun nan ka gan ni ka ce kana so. Yau kuma kunyarsa kake ji?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"Haka ka faɗa! Idan kamar kowa kake nema, ai sun cika gari. Ni ɗaya ce, kuma ba zan rage tsawona don in shiga ƙofar kowa ba."

Sai da ya tafi ta faɗa jikin Umma tana kuka.

"Ke ma da taurin kai," Umma ta ce tana shafa bayanta. "Sak ubanki! To, tunda kin zaɓa, ki yi haƙuri, kada ki zagi kowa, kada kuma ki roƙi kowa."

Wata uku ba ta kira shi ba. Da safe ta buɗe shago, ta auna, ta yanka, ta buga ƙusa. Wani lokaci hawaye ya ɗiga a kan katako, ta goge da gefen mayafi ta ci gaba. Shi ma Malam ya rame. Ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Mama, ba zan yi aure ba da yardarki ba, amma ba zan auri wata ba. Na yi kuskure da na ce ta canza."

Ran nan da hantsi mota ta tsaya ƙofar shagon. Mamar Malam ce da kanta! Auta ta ajiye zarto, ta goge kujera, ta rusuna ta gaishe ta.

"Magana ɗaya ta kawo ni," in ji Mama. "Ki sayar da shagon nan, gobe a sa rana."

"Ki gafarce ni, Mama. Zan bi ki sau da ƙafa a komai, ban da wannan."

"Ba kya tsoron rasa shi?"

"Ina tsoro ƙwarai," in ji Auta. "Amma idan na bar abin da nake, wa zan kai masa gida? Wata ce daban, ba wadda yake so ba."

Mama ta daɗe tana kallonta. Can ta yi ajiyar zuciya.

"Ɗan nan nawa tun yana yaro duk inda aka tura shi nan yake bi. Ban taɓa jin ya tsaya a kan magana ba sai a kanki. Yau na ga inda ya koya." Ta kamo hannun Auta ta juya shi. "Kai! Wannan hannu ko tabarya! To, Allah ya yi albarka, 'yata. Masu surutu su zo su same ni."

Da yamma sai ga Malam, ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Sori, Auta."

"Sori ba ta yanka katako. Riƙe min nan!"

Ya naɗe hannun riga ya riƙe, suna dariya.

Bayan wata biyu aka yi aurensu, shagon kuma bai rufu ba. Wanda ya san darajar kansa, ya haɗa da ladabi da haƙuri, ba ya buƙatar zama kamar kowa kafin a so shi.